Tattabarar Aro

Har yau, in tattabaru suka tashi gaba ɗaya daga kan soro, da ƙarar fukafukan nan mai kama da tafi, sai na dakata da abin da nake yi. Ba son ƙarar nake ba, ba na kuma iya kawar da kunne. Takan mayar da ni shekarar da aka fara rufe boda, damina na tsaka, gero ya fitar da kai, manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin shinge har ciyawa ta tsiro a tsakanin tayoyinsu. Mai karatu, in ka zo Jibiya a wancan lokaci, ka ga abin da nake faɗa da idonka. In ba ka zo ba, ka ɗauka gari ne da aka shaƙe wa wuya.

A lokacin ban daɗe da fara azumi cikakke ba. Ina da aboki guda, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Tare muke zama a zauren kakana, mahaifin babana, wanda kowa a unguwa yake ce wa Malam. Shi ya koya mana Alƙur'ani, shi ya ɗora mu a kan ajami. Ni hannuna ya faɗa da wuri. Abokina kuwa, Malam yakan ɗaga allonsa ya juya shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko kaji ne suka bi ta kai da asuba. Shi ma sai ya yi dariya, don ya san ba a nan baiwarsa take ba. Baiwarsa tana bayan ɗakin mahaifiyarsa, inda ya jera tsofaffin tukwane a kan katanga, kowace an fasa mata ƙofa a ciki, kowace da tattabaru biyu. Ya san wadda ke shirin yin ƙwai, ya san wadda ke fushi da mijinta. Yakan jiƙa musu kanwa a kasko, ya tsaya yana yi musu faɗa kamar ƙannensa.

Da bazarar shekarar nan muzuru ya cinye macen wani jan namiji da yake ji da shi fiye da sauran. Namijin ya daina ci, yana ta zagaya bakin tukunya yana kuka. Wata Lahadi abokina ya dawo daga kasuwa da wata farar mace a cikin rigarsa, mai ɗigon baƙi a wuya.

"Aro ce," ya ce. "Wani ɗan Faransa ya ba ni."

Haka muke kiran mutanen ƙetaren shinge, su kuma su ce mana 'yan Ingila. Ƙa'idar masu kiwon tattabaru sananniya ce: in ka ari mace, 'yan shilan farko na mai ita ne, sannan ka mayar masa da abarsa. Abokina ya fige mata dogayen gasun fiffike guda don kada ta koma inda ta fito. Kafin gashin ya sake fitowa ta riga ta saba da jan namijin, ta ɗauki tukunyarsa ɗaki.

Ban taɓa ganin ɗan Faransan ba. Na dai lura abokina ya fara tafiya kasuwa ba tare da ya leƙo ya kira ni ba, yana dawowa da wasu kalmomi, yana ce wa makarantar boko lakwal. Abin ya tsaya mini a rai.

Da aka rufe boda, shinkafa ta koma bin hanyoyin daji a kan babura. Samarin unguwarmu da yawa suka shiga, don babu wani abin yi. Ƙanin baban abokina yana da babur, sai ya riƙa ɗaukarsa a baya don ya riƙe masa buhu. Ana gab da fara yankan gero, wata rana da hantsi, tayar gaba ta nutse a yashin wata ƙorama. Ba wanda ya biyo su, ba gudu suke ba. Ƙanin baban ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Abokina bai tashi ba. Buhun ne ya danne masa wuya.

Abin da na fi tunawa a jana'izar shi ne maganar liman bayan an idar da salla. Ya juyo ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda yake bin mamaci wani abu ya sami iyalinsa. Ba wanda ya motsa. Wane bashi yaro zai bari? Ni kuwa ina sahun baya, sai farar tattabarar nan ta faɗo mini a rai.

Bayan kwana biyu na sami Malam a zaure yana fiƙe alƙalami.

"Malam, tattabara bashi ce?"

"Ta aro?"

"Ta aro."

Bai ɗago kai ba. "Ko gashinta guda bashi ne."

Mun riga mun karanta a gabansa cewa bashi yana tsare mamaci har sai an biya. Tun daga ranar, in na rufe ido sai in ga abokina a bakin shinge kamar motocin nan, da kayansa a ka, ba gaba ba baya, ciyawa tana tsirowa a ƙafafunsa. Abinci ya fita raina. A zaure ba wanda ya yarda ya zauna a gurbinsa, sai aka bar wurin fili a gefena, ni kuma kullum kafaɗata ta wannan ɓangaren sai in ji ta da sanyi. Yaran da muke wasa tare suka yi kwana kaɗan suna magana ƙasa-ƙasa, sannan suka koma ƙwallonsu. Na ji haushinsu ƙwarai, alhali ba laifin da suka yi.

Ni na ci gaba da ba tattabarun tsaki da ruwa. Mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Inna, takan zauna a bakin ɗaki tana tsince wake. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko da yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce mini "abokinka". Da ya rasu ma kunyar ba ta sake ta ba. Mata suka yi ta kuka a gidan, ita kuwa idonta a bushe, tana ba su haƙuri. Ƙwan farko da farar macen ta yi sun lalace a kwanakin zaman makoki, na fitar da su na binne a gindin katanga, tana kallona, ba ta tambaye ni ba.

Sai da na sha yawo wurin masu sayar da tsuntsaye a kasuwa kafin wani tsoho ya gane yaron da nake nufi, ya kwatanta mini ƙauyensu, can bayan shinge. Masu gonaki a ɓangarorin biyu ba su daina bin 'yan hanyoyin ƙafa ba, sai na bi sahunsu, da tattabarar a cikin kwali da na huda wa ƙofofin iska. Duk inda ka duba an kwantar da gero, ƙamshin ɗanyen kara ya cika daji. Tun daga gida nake shirya abin da zan faɗa.

Na same shi a bakin rumbu yana miƙa wa babansa dammuna. Dogo ne, siriri, haƙorinsa na gaba ya ɓalle rabi. Yana hango farin kai ta hujin kwalin ya washe baki.

"Ashe ɓarawon nan ya tuna da ni. Ina shike? Kunya ta hana shi tahowa, ya aiko yaronshi?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce Allah ya yi masa rasuwa.

Murmushin ya daɗe a fuskarsa, kamar ya manta bai cire ba. Sannan ya zauna a kan dami, ya yi salati a hankali. Ba wanda ya kai musu labari. Lahadi nawa yana zuwa kasuwa yana tsayawa a inda suka saba haɗuwa, yana tsammanin an yi masa wulaƙanci ne. Can ya ɗago ya dube ni.

"Kai ne na bayan katanga. Mai rubutu mai kyau, mai tsoron kare."

Ya san komai nawa, ni kuwa ban san komai nasa ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa.

Na miƙa masa kwalin, na ce zan sayo masa 'yan shila biyu a kasuwa in cika alkawari. Ya girgiza kai, ya ce ba na kasuwa suka yi da shi ba, ɗiyan jan namijin nan suka yi. Na ce to ya dai riƙe uwar, ko rabin nauyin ya sauka. Ya karɓa.

Na iso gida da la'asar, ƙafafuna sun yi futu-futu. Na leƙa don in zuba wa sauran tsaki. Inna ba ta ɗago daga wakenta ba, ta ce, "Ta riga ka."

Ga ta nan a bakin tukunya, jan namijin yana zagaya ta yana kumbura wuya.

Na sake mayar da ita. Ta sake dawowa. Haka muka yi ta yi har aka gama kai amfani gida, karmami ya bushe, shanu suka shiga gonaki. Duk zuwan da na yi sai ya zaunar da ni a inuwar rumbu, ya kawo fura, ya ce in ba shi labari. Mi yakan ce in an doke shi a zaure? Da gaske ne ya taɓa faɗawa rijiyar masallaci? Ni kuma ina amsawa a gajarce, ina duban rana. Kowane zuwa nakan ce ya fige mata fiffike, yakan ce to. Kowane komawa ina tarar da ita a kan katanga. Ƙwai kuwa ta daina yi ɗungum.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na ajiye kwalin a gabansa na ce ya fige ta yanzu ina gani. Ya ce hannunsa na ciwo. Na ce to ya ce ya yafe, kalma guda, mutumin nan ya huta.

"Ban yafe ba."

Ban san lokacin da na kai masa naushi ba. Muka kama kokawa a cikin tushiyar gero, kara yana yankar mu, ba mai raba mu sai awaki suna kallo. Ya fi ni tsawo, na fi shi fushi. Da muka gaji muka zube, leɓensa yana jini, sai na ga ashe kuka yake.

"Ku kun wanke shi, kun kai shi, kun zauna an yi muku gaisuwa," ya ce. "Ni fa? Garin nan kaf ba wanda ya taɓa ganin shi. In na ce ina baƙin ciki sai a ce na wa. In na yafe, kai ma ka tahi kenan. Wa za ya sake zo mini da zancenshi?"

Na ɗauki kwalina na taho. A hanya na yi ta juya abin. Ga wanda ke kwance yana jiran a sake shi, ga wanda ke raye ya riƙe igiyar da hannu biyu don ita kaɗai ta rage masa. Na rasa wanda zan fi jin tausayi, na kuma rasa wanda zan fi jin haushi.

Malam ya ga kumburin idona, da aka tashi karatu ya tsayar da ni. Na kwashe duka na faɗa masa. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Tsuntsuwar da kullum tana cikin kwali, yaushe za ta yi kwanci? Kai ka hana ta, malam ƙarami." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara zama. "Duk karatun nan da ka yi, ka riƙe rabin da ke ba da tsoro ka bar rabin da ke ba da sauƙi. Mai rai yana iya ɗauke wa mamaci bashi ya ɗora a wuyanshi, in mai bin ya yarda. Tahi ka zo mini da ɗan Faransan nan."

Ya zo wata Lahadi, sanye da rigar sallarsa da ta yi masa kaɗan. Malam ya aika aka kira mahaifin abokina. Muka durƙusa mu biyu a tabarmar zaure, a daidai gurbin nan da ba wanda yake zama. Malam ya tambaye ni ko na ɗauki abin da ke kan marigayi, uwa da 'ya'ya, na ce na ɗauka. Ya juya wurinsa.

"Kai kuma ka yarda ka bi wanga, ka saki wancan?"

Ya dube ni ta gefen ido, leɓen bai gama warkewa ba. "Wanga mugu ne, Malam. Amma na yarda."

"To, abokinku ya wuce. Allah ya jiƙansa."

Mahaifin ya ce amin, ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuwa sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka, na ji yunwa irin wadda na daɗe ban ji ba.

Daga nan na kai ɗan Faransan ya yi wa Inna gaisuwa. Ya tsuguna daga nesa, ya yi ta'aziyyar da ta makara da watanni. Ta amsa a taƙaice, ta tura masa ƙwaryar fura. Sai shi da bai san dokar gidan ba ya fara ba ta labarin yadda suka haɗu, yadda marigayin ya taya tattabararsa da kuɗin da ko ƙwai ba za su saya ba, ya kuma tsaya yana rantsuwa cewa shi ne aka cuta. Yana ta ambaton sunansa a fili, sunan da ban taɓa jin an kira a gabanta haka ba. Na so in taka masa ƙafa. Sai na ji ta ce, "Kai ma haka yake cika ka da surutu?" Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta kifa kai a gwiwa. Ranar Inna ta yi kukan ɗanta, a gaban baƙon da ba ta jin kunyarsa. Daga wurinta na kai shi maƙabarta.

Da aka bar farar macen ta huta, ba a jima ba ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. Na aika masa, ya zo ya duba, ya ce waɗannan ba su ɗauko jan ubansu ba. Na biyu suka zo, ya ce sun yi girma, sun riga sun san gida, za su gudo. Na uku ni da kaina na ce ƙafar ɗaya ba ta yi mini ba. Uwar kuwa ya ce ta zauna tukuna har a sami na kirki. Mu duka mun san abin da muke yi. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, yana zuwa karɓar bashi ya kwana biyu a ɗakina, ina zuwa ba shi haƙuri in taya su sussuka. Ya koyi ajami a hannuna, rubutunsa ma bai fi na marigayin kyau ba. Ba zan ce ya maye mini gurbin wancan ba, don ba ya mayuwa. Wani wuri ne daban ya buɗe a gefensa.

Malam, Allah ya jiƙansa, bai manta ba. A ciwon da ya yi na ƙarshe ina matsa masa ƙafa, ya ce, "Abin nan da ka ɗauka fa. Kai ma mai mutuwa ne." Na ce to, kamar yadda ɗan Faransa yake ce mini to.

Sai duniya ta sake. An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa. Hanyoyin ƙafar da na bi da kwali ni kaɗai, yau ko mutum goma ba sa bin su da kwanciyar rai, saboda 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan wajen Mazanya da Kusa da Riko, waɗanda da suke kawo mana gero, mun ga wasunsu suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Zuwansa ya ragu, nawa ma ya ragu, muka koma gaisawa a waya in an sami layi. Farar macen ta tsufa ta mutu a tukunyarta, jan namijin bai daɗe ba ya bi ta. Da na gaya masa ya ce uwar ya yafe, tunda ta zaɓi ƙasarta, amma ɗiya suna nan.

Daminar bara wani da muka yi zaure ɗaya da shi ya tafi gona da safe, bai dawo ba. Ina tsaye a sahun jana'izarsa na ji liman ya juyo yana wannan sanarwa, kalma da kalma. Na tuna maganar Malam. Na tuna kuma cewa in ni ne a gaba, ba wanda ya san abin da ke wuyana sai Inna da mijinta da wani mutum a ƙetare.

A cikin jikokin farar macen akwai wata da ta ƙyanƙyashe a satin. Na jira har 'yan shilanta suka yi gashi amma ba su taɓa tashi ba, ɗaya ja, ɗaya fara mai ɗigo a wuya. Inna ce ta huda mini kwalin da wuƙarta. Na shiga mota na bi ta babbar hanya, ta shinge, kamar kowane matafiyi.

Na same shi ya yi aure, ya yi ɗan gemu, haƙorin yana nan yadda yake. Ya buɗe kwalin, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ya ware fukafukansu, ya duba ƙafa, ya duba ido. Ina jira in ji aibin da zai samo. Ya daɗe yana nema. Sannan ya dube ni, ya ga ba wasa na zo yi ba.

"Mi ya faru?"

Na faɗa masa. Ya shafa kan jan da babban yatsa.

"Na karɓa," ya ce. "Ba ni binka, ba ni bin shi. Allah ne shaida." Ya sa su a wata sabuwar tukunya, ya toshe bakin da tsumma. "Waɗanga ba su san hanya ba, nan za su zauna. Kai fa?"

Na ce ni na san ta.

"To sai mu gani, ɗan Ingila."

Na iso gida gab da magariba. Inna tana bakin ɗakinta, ta tsufa, idonta bai cika gani ba, amma fuskarta tana sama wajen katanga. Ta ji motsina ta ce, "Ba abin da ya riga ka."

Kwana da kwanaki ina duban tukwanen nan, ba su dawo ba. Yanzu ba abin da yake bina, ba dalilin da zai sa mai hankali ya bi hanyar nan a irin wannan zamani. Satin jiya matarsa ta haihu, namiji, ya kira ni ya faɗa mini sunan da zai sa. Ba sai na gaya maka ba, mai karatu. Babana ya ce in bari hanya ta lafa. Inna kuwa ta riga ta daka garin kunu ta ƙulle a leda, ta ajiye mini a bakin ƙofa.